Tsohon Allon Dara: Me Ke Ɗaga Farashinsa, Me Ke Karya Shi?

Gabatarwa

Abin da muka saba gani a kasuwa shi ne, da zarar kaya ya bar hannun mai shago kuɗinsa ya fara raguwa. Wanda ya sayi rediyo yau a Dutsen Alhaji, in ya mayar da ita kasuwa gobe ba zai ga kuɗinsa cif ba, domin ta riga ta zama ta hannu. Amma akwai wasu kaya da ba su bin wannan ƙa'ida. Sukan faɗi har su kai matsayin shara, sannan bayan shekaru su tashi su ninka kuɗinsu na asali sau ɗari ko sau dubu, wani lokaci kuma su sake faɗuwa. Daga cikin irin waɗannan kaya akwai tsofaffin kayan wasannin zaune, wato allon dara da 'ya'yansa, da lido, da karta, da makamantansu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ke jawo wannan hawa da sauka, tare da duba inda mu mutanen Bwari da kewaye muka tsaya a cikin wannan ciniki. Ni Bagwari ne, Gbagyi nake yi a gida, a kasuwa da aji na koyi Hausa. Saboda haka kalmomin ciniki su ne na fara riƙewa tun ina yaro, kuma zan ɗan tsaya a kansu domin amfanin 'yan'uwana ɗalibai.

Wasan da ba shi da kayan sayarwa

Bari mu fara da darar da Bahaushe ya gada. Ana tona gurabe talatin a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Ɗaya ya riƙe guntayen kara, ɗaya ya riƙe tsakuwa ko tsingaro, don a bambanta. Za su yi ta dasa 'ya'yan bi da bi har su ƙare, sannan a fara turawa gurbi ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Dakarkarin ƙasar Zuru sun yi suna a wannan wasa, Zabarmawan Nijar ma suna da irinsa. Wasa ne mai buƙatar lissafi ƙwarai, har ya bar mana salon magana, domin in al'amari ya juye wa mai shi sai a ce dara ta ci gida.

To, ga abin lura. In an tashi daga wannan wasa, me ya rage? Iska ta share gurabe, akuya ta tattake karan. Babu abin da wani zai ɗauka ya ajiye a kabad, balle ya sayar bayan shekara hamsin. Mai tara kayan tarihi abu yake nema wanda zai riƙe a hannu. Saboda haka darar ƙasa, duk da tsufanta, ba ta da farashi ko na sisi.

Wanda ke da farashi shi ne allon katako mai gurbi goma sha biyu, shida na kallon shida, wanda ake zuba 'ya'ya huɗu a kowane gurbi ana rabawa. Yarabawa na kiransa ayo, mutanen Gana na ce masa oware, a bakin 'yan kasuwarmu kuwa shi ma dara ne. Irin wannan allo akan sassaƙa shi da ado, wani a yi masa ƙafafu, wani a ɗora shi a kan siffar dabba ko ta mutane, wani kuma a yi shi mai naɗewa da marfi. Gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan yana da tarin irin waɗannan alluna daga sassan Afirka da Asiya, har wani masani mai suna Alex de Voogt ya rubuta littafi a kansu a 1997. Da zarar gidan tarihi ya fara ajiye wani abu, attajirai masu sha'awa su ma sai su bi sahu, daga nan kasuwa ta buɗe.

Akwai kuma wani wasa da ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. A Barno an yi wani nau'in ches da Kanuri ke kira tsatsarandi, wanda wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya yi rubutu a kansa a 1934. Duk gidan da ya gaji cikakkun 'ya'yan wannan wasa, to yana riƙe da abin da ba a samu a kasuwa.

Labari ake saye

Misalai biyu daga ƙasashen waje za su nuna mana inda kuɗin yake ɓoye.

A 1831 an tono wasu 'ya'yan ches a tsibirin Lewis da ke ƙasar Sikotilan, waɗanda aka sassaƙa tun wajen ƙarni na 12 da hauren wata dabbar teku ta ƙasashen ƙanƙara. Mafi yawansu suna gidajen tarihi na Landan da Edinbara, amma an san wasu kaɗan sun ɓace. A 1964 wani dillalin tsofaffin kaya a Edinbara ya sayi wani ɗan gunki a kan fam 5, ya rubuta shi a littafin cinikinsa, iyalinsa suka ci gaba da ajiye shi a aljihun tebur. Bayan shekara 55 suka kai shi kamfanin gwanjo na Sotheby's, masana suka tabbatar ɗaya ne daga cikin waɗanda suka ɓace. A watan Yuli 2019 aka sayar da shi fam 735,000. Gunkin bai canza ba tsakanin 1964 da 2019. Tsayinsa bai ƙaru ba, kyansa bai ƙaru ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne an san ko shi wane ne.

Na biyu shi ne wasan Monopoly. Tushensa wani wasa ne da wata Ba'amurkiya, Lizzie Magie, ta yi wa rajista a 1904. Daga baya Charles Darrow ya riƙa zana nasa da hannu a gida wajen 1933, kafin ya sayar wa kamfanin Parker Brothers a 1935. Ɗaya daga cikin waɗanda ya zana da hannunsa, mai siffar da'ira, an yi gwanjonsa a 2010 a kan dala 146,500. Amma wanda ke da Monopoly na shekarun 1960 ko 1970 kada ya yi saurin murna. Kamfani ya buga su miliyoyi, suna nan jibge a gidajen Turawa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wasa ɗaya ne, dokoki ɗaya, amma ɗaya hannun Darrow ya taɓa shi, ɗaya kuwa inji ne ya fitar da shi.

Mu a nan ba sai mun je nesa ba kafin mu gane wannan. Matan Gbagyi sun daɗe suna ginin tukwane, har yau ana yi a Ushafa, ƙauyen da Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ziyarta a watan Agusta 2000. Tukunyar kasuwa kowa ya san kuɗinta. Amma tukunyar da ke ɗauke da tambarin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma hotonta ke bayan naira 20, dubban fam ake sayenta a gwanjon Landan. Yumɓu ɗaya ne, suna ne ya raba su. Allon dara ma haka yake. Wanda aka san masassaƙinsa, ko aka san fadar da ya fito, ko akwai tsohon hoto da ke nuna dattawa na wasa a kansa, ya yi wa wanda ba a san asalinsa ba fintinkau, ko da na biyun ya fi kyau.

Fatake da tsufan ƙarya

Tun da labari da tsufa ake saye, to dole a samu masu ƙera su. A nan ne Hausawa suka shigo cikin maganar sosai, domin fataken Hausa na cikin manyan masu safarar kayan sassaƙa a Afirka ta Yamma. Christopher Steiner ya zauna da irin waɗannan 'yan kasuwa a Abijan, ya fitar da littafinsa African Art in Transit a 1994. Akwai kuma fim mai suna In and Out of Africa na 1992, wanda ya bi wani Bahaushen Nijar, Gabai Baare, daga ƙauyukan Kwaddibuwa har zuwa Amurka yana tallar kayansa. Abin da waɗannan ayyuka suka nuna shi ne, bafatake ya san abin da Bature ke so ya ji fiye da yadda Baturen ke zato. Bature na son abin da aka yi amfani da shi, ba wanda aka yi don sayarwa ba. To sai a ba shi abin da yake so.

Hanyoyin tsufar da sabon katako sanannu ne. A rataye shi a madafa hayaƙi ya turara shi, a shafa masa man kaɗanya ko tauna goro a goga, a binne shi kwana kaɗan gara ta ɗan lasa. Mai ido yakan gane. A allon da aka yi shekaru ana wasa, gurabe kan yi santsi daga ciki inda yatsu ke kwasar 'ya'ya, bakinsu ya zaizaye, kuma zaizayar ba ta zuwa daidai wa daida. Ƙasan allon ma yakan goge ta inda yake taɓa tabarma ko dakali. Na jabu kuwa ko'ina baƙi ne iri ɗaya, har wuraren da hannu ba ya kaiwa.

Ni dai ban ga laifin masassaƙin da ya yi sabon allo mai kyau ya sayar a matsayin sabo ba, sana'a ce. Matsalar tana wajen ƙarya, kuma illarta a kan kowa take faɗawa. In jabu ya yi yawa, mai saye ya daina yarda da kowa, sai ya taya na gaske da kuɗin na jabu. Wannan na cikin dalilan da suka sa allo marar takarda ba ya kuɗi a yau, komai tsufansa, alhali wanda ke da shaidar ya fito daga tarin wani sananne yana ƙara tsada.

Doka

Abu na gaba da ke iya karya farashi dare ɗaya shi ne doka. A 1989 aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Ingila ta ƙara tsanantawa da dokar 2018, wadda ta fara aiki ranar 6 ga Yuni 2022, ta hana saye da sayar da kayan haure a cikin ƙasar in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Tsofaffin 'ya'yan ches na haure, waɗanda a da suke sahun gaba a gwanjo, sai mafi yawansu suka zama abin da za a iya gada amma ba a iya sayarwa. A nan gida ma, a watan Janairu 2024 gwamnati ta niƙe hauren giwa kimanin tan biyu da rabi a Abuja. Wanda aka yi wa tallar 'ya'yan wasa na haure a matsayin jari, ya san abin da yake saye.

Akwai kuma dokarmu ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashinta, aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya kuma yake da muhimmanci, kayan tarihi ne. Ba kowa aka yarda ya saya ba, kuma ba a fita da shi waje sai da izinin hukuma. Wannan ya haifar da wani abin mamaki. In allon kakanka ya tsufa da gaske, doka ta ɗaure shi. In kuma sabo ne, an yarda ka sayar amma ba ya kuɗi. Tsakanin waɗannan biyu ne dillalai ke neman abincinsu, shi ya sa za ka ji bafatake ya rantse wa mai saye cewa kaya tsoho ne, in an zo filin jirgi kuma a rantse wa jami'i cewa jiya aka sassaƙa shi.

Yayi da begen ƙuruciya

Ba duk tsadar tsohon wasa ce ke da alaƙa da tarihi ba. Wata begen ƙuruciya ce kawai. Yaron da ya yi wasa da wani abu yana shekara goma, in ya kai arba'in ya samu abin hannu, yakan so ya sake mallakarsa. In irinsa suka yi yawa a lokaci ɗaya, farashi ya tashi. In suka tsufa suka fara raba kayansu, 'ya'yansu kuma ba su damu ba, farashi ya sauka. Katin Pokémon, wanda aka fara bugawa a Japan a 1996, ya nuna wannan ƙarara. Lokacin kullen korona a 2020 da 2021 mutane na zaune a gida, sai aka yi rububinsa. Wani ɗan Amurka, Logan Paul, ya mallaki kati ɗaya a kan dala miliyan 5.275 a 2021. A 2022 kuwa farashin katuna da yawa ya zube, waɗanda suka saya a ƙololuwa da niyyar cin riba dara ta ci musu gida. Wani abin da ke kawo faɗuwa kuma shi ne kamfani ya sake buga tsohon wasa. Masu son yin wasan sai su koma wa sabo mai araha, a bar tsohon da masu ajiya kaɗai.

Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin mu karanta shi a littafi. Jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya tashi daga ƙwarya zuwa tasa, daga tasa zuwa kwano mai fenti, daga nan zuwa tangaran. Kwanukan da wata uwa ta yi shekaru tana adashi tana tarawa a matsayin dukiya, da yayinsu ya wuce sai ga su a hannun 'yan gwangwan ana aunawa a sikeli.

To ina lido da Whot? Dukansu baƙi ne da suka zama 'yan gida. Lido daga wani wasan Indiya aka samo shi, aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Whot kuwa wani Bature ne, William Storey, ya fito da shi a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓa, amma a Nijeriya ya samu gindin zama fiye da ƙasar da aka haife shi. Duk da haka, a kasuwannin Bwari da Kubwa ban taɓa ganin mai neman tsohon lido ba. Dalilan a fili suke. Ba mu ajiye kwali, ba mu ajiye takardar dokoki, 'ya'ya sukan ɓace a maye gurbinsu da marfin kwalba, damina da gara kuma su ƙarasa sauran. A wajen masu tarawa kuwa, ɗa ɗaya da ya ɓace yana iya raba kuɗin wasa biyu, wanda ba a taɓa buɗewa ba kuma shi ne sarki. A ganina, in akwai wasan kwali na Nijeriya da wata rana za a nema, to bugun farko ne na Monopoly na birnin Legas, wanda kamfanin Bestman Games ya fitar a watan Disamba 2012, inda Banana Island ta zama unguwa mafi tsada, Makoko mafi araha. Yaran da suka yi wasa da shi yanzu suka fara aiki.

Naira da baƙi

Masu sayen allon sassaƙa a Abuja yawancinsu baƙi ne, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da masu zuwa taro. A kasuwar kayan hannu da ke kusa da otal ɗin da a da ake kira Sheraton, da kuma Kasuwar Kurmi ta Kano, da dala ake lissafi ko da da naira aka biya. Kafin watan Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A ce allo dala 100 ne. A lissafin farko naira 46,000 ke nan, a na biyu 150,000. Mai shi zai ce kayansa ya yi daraja, alhali naira ce ta faɗi, kuma buhun masarar da zai saya da kuɗin shi ma ya tashi. Sannan ko wane irin farashi aka sa, sai da mai saye. Bayan harin da aka kai ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a 2011 da hare-haren Kano na Janairu 2012, baƙi masu yawon buɗe ido sun ja baya daga Arewa, kaya da yawa suka yi kwantai.

Kalmomin cinikin

Ga mu ɗaliban harshe, wannan fage yana da ɗan aiki. Hausa tana da kalmomi uku da mukan cakuɗa. Farashi daga Ingilishi muka aro shi, shi ne kuɗin da aka faɗa a kasuwa yau. Daraja da ƙima daga Larabci suke, kuma sun fi farashi faɗi, domin allon da kaka ya bari yana da daraja a gidansu ko da ba wanda ya taya. Dillali da la'ada su ma Larabci ne. Gwanjo kuwa, wanda Yarabawa ke ce wa gbanjo, asalinsa cinikin da ake yi a bainar jama'a wanda ya fi tayi ya ɗauka, amma a bakin mutane yau ya koma nufin tsofaffin tufafi masu araha. Saboda haka in mai fassara ya rubuta cewa an yi gwanjon abu a Landan, mai karatu na iya ɗauka an karyar da shi ne, alhali a can gwanjo ne ke kai kaya ƙololuwar tsada. Dole a ƙara bayani.

Haka nan tsoho, da na da, da na hannu, da tsohon yayi, ba abu ɗaya ba ne. Na hannu yana rage kuɗi, tsohon yayi ya fi ragewa, na da kuwa yana iya ƙarawa. Allo ɗaya yana iya ratsa dukkan waɗannan sunaye a rayuwarsa, kuma sunan da dillali ya zaɓa ya kira shi da shi a gaban mai saye rabin ciniki ne. Har yanzu kuma ba mu da kalma guda da ta zauna ga mutumin da ke tara irin waɗannan kaya don sha'awa. 'Yan jarida kan ce mai tara kayan tarihi, amma katin Pokémon na 1998 ba tarihi ba ne a ma'anar da Bahaushe ya sani. Ni na fi son a ce mai ajiyar sha'awa, ko da yake wani abokin karatuna ya ce wannan ya fi kama da sunan mai kiwon tantabaru.

Wanda ke da tsohon allo a gida, ko zai sayar ko ba zai sayar ba, abin da ke riƙe masa kuɗinsa sananne ne. Kada a wanke shi da omo, kada a shafa masa fenti ko banish, domin dauɗar hannun nan ita ce shaidarsa. A haɗa shi da 'ya'yansa na asali a ƙulle wuri ɗaya. A ɗauki hotonsa a inda yake zaune, tare da dattijon da ya san shi. Sannan a tambayi dattijon wa ya sassaƙa, a wane gari, da wane itace, zamanin wane sarki, da yadda ake kiran kowane gurbi da kowane irin ci a Gbagyi ko a Hausa, a rubuta a takarda da kwanan wata a ajiye tare da allon.